Shan taba sigari da ƙoƙarin dainawa a ƙasar Sin: tambayoyi da amsoshi

Duk inda ake maganar taba sigari a duniya ba yadda za a yi a tsallake ƙasar Sin, domin ita ce ta fi kowace ƙasa noman ganyen taba, ita ce ta fi kowa sarrafa shi, kuma mutanenta ne suka fi na kowace ƙasa zuƙar hayaƙinsa. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi 'yan shekara 15 zuwa sama, kamar yadda masu ƙididdigar lafiya na ƙasar suke lissafin manya, kuma sun taƙaita ne ga babban yankin ƙasar, sai inda aka ambaci Hong Kong da suna.

Mutum nawa ne suke shan taba a ƙasar Sin?

Sun haura miliyan 300. Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta ƙasar ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 26.6 cikin ɗari na manya suna shan taba, alhali a 2010 adadin yana kan kashi 28.1, wato an samu raguwa, amma raguwa ce mai tafiyar hawainiya. Matsakaicin mashayi yakan sha kara 16 a rana, kuma mutanen karkara sun ɗan fi na birni sha. Idan aka haɗa sigarin da ake ƙonawa a duniya baki ɗaya, fiye da kashi 40 cikin ɗari a Sin ake ƙona shi, duk da cewa Sinawa ba su kai kashi 20 cikin ɗari na mutanen duniya ba.

Gaskiya ne cewa kusan maza ne kaɗai suke sha?

Gaskiya ne, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai son fahimtar lamarin ya riƙe. A binciken 2018, kashi 50.5 cikin ɗari na maza suna shan taba, mata kuwa kashi 2.1 ne kacal. Saboda haka idan aka ce kashi 26.6, adadin yana ɓoye gaskiyar da ke ƙarƙashinsa, wadda ita ce rabin mazan ƙasar mashaya ne.

Ba haka abin yake ba tun asali. Cikin matan da aka haifa a shekarun 1930, kusan ɗaya cikin goma tana sha, musamman a arewa maso gabashin ƙasar inda tsofaffin mata suka saba da dogon lofe, amma cikin waɗanda aka haifa a wajejen 1960 adadin ya faɗi zuwa kusan ɗaya cikin ɗari. Al'umma ta wayi gari tana kallon shan taba a matsayin abin da bai dace da mace mai kamun kai ba, tana kuma kallonsa a matsayin alamar cikar namiji. Masana lafiya suna sa ido a kan 'yan matan manyan birane, domin siraran sigari da ake ƙawata kwalinsu suna samun kasuwa, kuma sun ga yadda kamfanonin taba suka jawo mata cikin harkar a Turai da Amurka a ƙarnin da ya wuce.

Yaushe taba ta shiga ƙasar?

Ta shiga ne a ƙarshen zamanin daular Ming, tsakanin ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17, kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyinta ita ce ta jiragen fatake da ke zuwa gaɓar lardin Fujian daga tsibiran Filifin. Sarki Chongzhen ya haramta ta a ƙarshen shekarun 1630, amma haramcin bai hana ta bazuwa ba. Sigarin da ake naɗewa da inji kuwa ya kafu ne bayan 1902, lokacin da kamfanin British American Tobacco ya buɗe harkarsa, ya gina masana'antu a birane irin su Shanghai da Hankou, ya kuma raba wa manoman Shandong da Henan irin taba na Amurka. Kamfanin Nanyang Brothers, wanda Sinawa suka kafa a 1905, ya yi gogayya da shi. Bayan kafuwar gwamnatin kwaminisanci a 1949, masana'antun sun koma hannun hukuma. Tsofaffin shugabannin ƙasar, Mao Zedong da Deng Xiaoping, duk mashaya ne na a-zo-a-gani, kuma hotunansu riƙe da kara sun taimaka wajen ba sigari kwarjini a idon mazan zamaninsu.

Me ya sa ake cewa sigari a Sin ya wuce abin sha kawai?

Saboda a tsakanin maza, miƙa kara hanya ce ta gaisuwa da buɗe magana da nuna girmamawa. Wanda ya shiga taro ya zaro kwali ya kunna shi kaɗai, ba tare da ya zagaya da shi ba, ya nuna rashin tarbiyya. Ƙarami yakan miƙa wa babba da hannu biyu, ya kuma kunna masa, mai neman alfarma yakan fara da miƙa kara kafin ya faɗi buƙatarsa, kuma a karkara da yawa, wanda maƙwabta suka taya shi gini ko girbi yakan sallame su da kwalaye. Bahaushe zai gane matsayin abin idan ya tuna da goro a wurin ɗaurin aure da gaisuwar surukai, domin a bikin Sinawa ana jera jajayen kwalaye a kan teburan baƙi, kuma a wasu yankuna amarya takan zagaya tana kunna wa maza ɗaya bayan ɗaya. Sigarin Shuangxi, wanda sunansa ke nufin farin ciki ninki biyu, ya daɗe yana cin wannan kasuwa.

Irin sigarin da mutum ya miƙa yana bayyana matsayinsa da kuma yadda ya ɗauki wanda ya miƙa wa. Akwai na talaka da bai kai yuwan (kuɗin ƙasar Sin) 10 ba, akwai kuma irin su Zhonghua da ake saye musamman domin kyauta a lokacin bikin sabuwar shekara, har ma akwai mutanen da ke yawo da kwali biyu, mai araha na kansu da mai tsada na baƙi. Tsadar ta taɓa zama shaidar rashawa: a 2008 masu amfani da intanet sun hango wani jami'in gidaje na birnin Nanjing mai suna Zhou Jiugeng a hoto, da kwalin sigarin da katan ɗinsa ya kai yuwan 1,500 a gabansa, suka tambayi yadda albashinsa zai iya ɗaukar wannan, kuma binciken da ya biyo baya ya kai shi kurkuku na shekara 11 kan karɓar hanci.

Wannan al'ada ita ce ta sa dainawa a Sin ta bambanta da dainawa a wurare da yawa. Mutumin da ya yanke shawarar bari ba jarabar nikotin kaɗai yake fama da ita ba, yana fama da hannayen abokai da na shugabanninsa a wurin aiki da ake miƙo masa sau da yawa a rana, kuma ƙin karɓa daga hannun babba yana iya zama tamkar raini. Yana kuma iya daina sha amma ya ci gaba da saye domin bayarwa, wanda ke nufin kwalin bai taɓa barin aljihunsa ba.

Wane ne yake yin sigarin, kuma wa yake cin ribar?

Gwamnati ce. Kamfanin Taba na Ƙasar Sin, wanda aka kafa a 1982, shi kaɗai yake da ikon sayen ganye daga manoma da sarrafa shi da rarraba sigari, kuma ya fi kowane kamfanin taba a duniya girma, yana fitar da fiye da kara tiriliyan 2 a shekara. A 1984 aka kafa Hukumar Kula da Harkar Taba domin sa ido a kan sana'ar, sai dai hukumar da kamfanin abu guda ne mai suna biyu, shugabansu ɗaya, hedikwatarsu ɗaya. Ma'ana, mai sayarwa shi ne mai sa ido.

Tun daga 2014, haraji da ribar da wannan sana'a ke samarwa sun wuce yuwan tiriliyan 1 a kowace shekara, kuma an daɗe ana ƙiyasta cewa suna kai kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati. A lardin Yunnan, wanda ya fi kowane lardi noman taba kuma inda birnin Yuxi da kamfanin sigari na Hongta suke, dogaron ya fi haka nesa ba kusa ba, haka kuma Guizhou da Hunan da Henan suna da kaso mai tsoka. Ƙananan hukumomi suna samun haraji daga ganyen da aka noma a yankinsu da sigarin da aka yi a cikinsa, shi ya sa suke kare nasu. A 2009 mahukuntan gundumar Gong'an a lardin Hubei sun umarci ma'aikatun gwamnati da su sha kwali 230,000 na sigarin lardin a cikin shekara guda, sai da surutu ya yi yawa a kafafen yaɗa labarai suka janye umarnin.

A ganina nan ne tushen matsalar yake. Sin ta amince da yarjejeniyar taƙaita shan taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta fara aiki a kanta a Janairun 2006, kuma yarjejeniyar ta buƙaci a nisanta masu sana'ar taba daga tsara manufofin lafiya. Amma hukumar tabar tana da kujera a cikin kwamitin ma'aikatun da aka ɗora wa alhakin aiwatar da yarjejeniyar. Duk wata shawara ta ƙara haraji ko sauya kwali sai ta bi ta gaban wanda za ta rage wa ciniki.

Wace irin illa shan tabar yake yi wa lafiyar Sinawa?

Fiye da mutum miliyan 1 suke mutuwa a kowace shekara sakamakon cututtukan da taba ke haddasawa, manya daga cikinsu su ne sankarar huhu da cutar toshewar hanyoyin numfashi da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sankarar huhu ita ce sankarar da ta fi kashe mutane a ƙasar, kuma a 2022 sababbin masu ɗauke da ita sun haura miliyan 1. Masu fama da toshewar hanyoyin numfashi sun kusa miliyan 100, ko da yake hayaƙin gawayin girki da gurɓatar iskar birane su ma suna da hannu a ciki.

Wani babban bincike da masana na Jami'ar Oxford da takwarorinsu na Sin suka wallafa a mujallar Lancet a 2015, ƙarƙashin jagorancin Chen Zhengming da Richard Peto, ya gano cewa kashi biyu bisa uku na samarin ƙasar suna fara sha, akasari kafin su cika shekara 20, kuma rabin waɗannan taba ce za ta yi ajalinsu matuƙar ba su daina ba. Binciken ya yi hasashen cewa idan aka ci gaba a haka, mace-macen za su kai miliyan 2 a shekara nan da 2030, su kai miliyan 3 nan da 2050. Dalilin da ya sa adadin ke hauhawa duk da raguwar mashaya shi ne illar taba tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta bayyana, kuma mazan da suka fara tun suna samari a shekarun 1980 da 1990, lokacin da sigari ya wadata a kasuwa, yanzu ne suke shiga shekarun da cutar ke kama su.

Waɗanda ba sa sha fa, sun tsira?

Ba su tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 700 a Sin suna shaƙar hayaƙin wasu, kuma kimanin 100,000 suna mutuwa a shekara saboda haka. Tunda maza ne mashaya, mata da yara ne suka fi ɗaukar wannan nauyi, a cikin gida da gidajen abinci da wuraren aiki.

Akwai dokar hana shan taba a bainar jama'a?

Babu doka guda da ta game ƙasar baki ɗaya. An fitar da daftarin irin wannan doka a 2014, amma har yanzu ba ta tabbata ba, sai aka bar birane da larduna kowa ya yi tasa. Beijing ce ta kafa misali a ranar 1 ga Yunin 2015, inda ta hana sha a cikin duk wani gini na jama'a da wuraren aiki da motocin haya, tare da tarar da ta kai yuwan 200 ga mutum da yuwan 10,000 ga mai wurin da ya kau da kai. Shenzhen da Shanghai sun kammala irin wannan hani a 2017, Xi'an ta biyo baya a 2018. A wasu birane kuwa dokar ta bar ƙofa a buɗe ga ɗakunan shan taba a otal-otal da gidajen abinci, a ƙananan garuruwa kuma sau da yawa alamar hani tana manne a bango ana busa hayaƙi a ƙarƙashinta. Inda hanin ya fi aiki shi ne jiragen ƙasa masu gudun tsiya, domin na'urar gano hayaƙi tana iya sa jirgi ya rage gudu, kuma hukuncin ya haɗa da hana mutum sayen tikiti na wani lokaci.

A ƙarshen 2013 shugabannin jam'iyyar kwaminisanci mai mulki da majalisar gudanarwa sun umarci jami'ai da su daina sha a makarantu da asibitoci da tarukan hukuma, su kuma daina sayen sigari da kuɗin gwamnati. Dokar talla da aka gyara a 2015 ta hana tallan taba a kafafen yaɗa labarai da wuraren jama'a, kuma Peng Liyuan, uwargidan Shugaba Xi Jinping, ta daɗe tana cikin jakadun yaƙi da shan taba.

Akwai wata shari'a da ta nuna yadda tunanin jama'a ke sauyawa. A 2017 a birnin Zhengzhou, wani likita ya roƙi wani dattijo da ya kashe sigarinsa a cikin na'urar hawa bene, suka yi musayar kalamai, jim kaɗan bayan haka dattijon ya rasu sakamakon ciwon zuciya. Kotun farko ta ce likitan ya biya iyalan yuwan 15,000 duk da ba ta same shi da laifi ba, amma a Janairun 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta soke biyan, bisa hujjar cewa hukunta wanda ya yi magana domin kare lafiyar jama'a zai sa kowa ya kama bakinsa.

Me ya sa ƙarin haraji bai rage sha sosai ba?

Saboda ƙarin bai kai yadda kuɗin shigar mutane ke ƙaruwa ba. A watan Mayun 2015 an ɗaga harajin sari daga kashi 5 zuwa kashi 11 cikin ɗari, cinikin sigari ya ɗan ja baya a wannan shekara da wadda ta biyo, daga baya ya farfaɗo. A 2018 rabin mashaya ba sa kashe fiye da kimanin yuwan 10 a kan kwali, kuma idan aka auna da albashi, sigari ya fi sauƙin saye a yau fiye da yadda yake shekaru ashirin da suka wuce. Tazarar da ke tsakanin mai tsada da mai araha tana da faɗi ƙwarai, don haka wanda farashi ya matsa wa yakan sauko ne zuwa na ƙasa da shi maimakon ya daina.

Kwalin ma yana da nasa tasiri. Ƙasashe da dama suna buga hotunan ruɓaɓɓen huhu da baƙaƙen haƙora a jikin kwali, amma a babban yankin Sin gargaɗin rubutu ne kawai, a gefen hotunan ƙofar Tian'anmen ko duwatsu ko dabbar fanda. Masu fafutuka suna cewa babu wanda zai kai wa surukinsa kyautar kwali mai hoton ciwo, kuma dalilin ke nan da ya sa masu sana'ar suke adawa da hotunan. Sigarin da Sin ke fitarwa zuwa ƙasashen da doka ta wajabta hotunan, da hotunan yake fita.

Sigari mai ƙarancin kwalta ko wanda aka haɗa da ganyayen magani ya fi sauƙin illa?

A'a. Mashayi yakan rama ƙarancin ta hanyar zuƙa mai zurfi ko ƙara yawan kara, kuma babu wata hujjar kimiyya da ta nuna cewa zuba ganyayen maganin gargajiya yana rage cutarwa. Duk da haka wannan fahimta ta yi jijiya a ƙasar, domin an daɗe ana tallata ta a matsayin ci gaban fasaha. A 2011 an zaɓi Xie Jianping, masani a cibiyar binciken taba ta Zhengzhou wanda aikinsa ya shafi rage kwalta, a matsayin mamba na Kwalejin Injiniyoyi ta ƙasar, lamarin da ya jawo ƙorafi mai zafi daga likitoci da wasu mambobin kwalejin kanta. Haɗarin wannan imani shi ne yana ba wanda ya fara tunanin dainawa wata mafaka, sai ya sauya iri ya ɗauka ya yi wa kansa gata.

Mashaya nawa ne suke ƙoƙarin dainawa, kuma me yake tura su?

Kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙasashen da suka daɗe suna wannan yaƙi. A binciken 2018, kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka taɓa zama mashaya ne ya daina, kusan ɗaya cikin biyar na masu sha ne ya gwada dainawa a cikin shekarar da ta gabata, kuma kimanin kashi 16 cikin ɗari ne suke da niyyar bari a cikin watanni 12 masu zuwa.

Babban abin da ke tura mutum shi ne rashin lafiya, ko dai wadda ta riga ta kama shi ko tsoron wadda ya gani a jikin wani. Wannan yana nufin da yawa suna dainawa ne bayan likita ya nuna musu hoton huhunsu, lokacin da an riga an yi ɓarna. Matsin iyali yana biye, musamman idan mata ta samu juna biyu ko an haifi jika a gida, sai kuma tsadar sigari, wadda ba ta da ƙarfi sosai saboda dalilan da aka ambata. Komawa ruwa kuma ta yi yawa, kuma wuraren da aka fi faɗawa su ne liyafar cin abinci da shan barasa ta abokan aiki da kuma ziyarce-ziyarcen sabuwar shekara, inda kowane gida da aka shiga sai an miƙo kara.

Wane taimako ne mai son dainawa zai iya samu?

Asibitin Chaoyang na Beijing ne ya buɗe sashen taimaka wa masu son daina shan taba na farko a ƙasar a 1996, kuma daga baya an buɗe irinsa a ɗaruruwan asibitoci. Akwai layukan waya na ba da shawara, ciki har da layin lafiya na 12320 a larduna da dama, akwai kuma magungunan da aka tabbatar da amfaninsu: nikotin na mannawa a fata ko na taunawa, da bupropion, da varenicline. Matsalar ita ce mutane ba sa zuwa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu gwada dainawa suna yi ne da ƙarfin zuciya kawai, ba magani ba shawara, saboda da yawa ba su ɗauki sabon nikotin a matsayin cuta da ake kai wa likita ba, kuma kuɗin magungunan galibi daga aljihun mutum yake fita. Sassan asibiti da yawa sukan wuni babu mai leƙo su.

Wannan ne ya sa masana suka karkata ga wayar hannu, wadda kusan kowa yake da ita. Wani gwaji da aka wallafa a 2018 ya aika wa mashaya saƙonnin tes na ƙarfafa gwiwa da dabarun jure sha'awa na tsawon makonni, kuma bayan mako 24 kimanin shida cikin ɗari na waɗanda suka samu saƙonnin sun daina, a kan kimanin biyu cikin ɗari na waɗanda ba su samu ba. Adadin yana da ƙanƙanta a ido, amma idan aka auna shi da mutum miliyan 300 da kuma arhar saƙon waya, ba abin rainawa ba ne. Yanzu akwai ƙananan manhajoji na irin wannan aiki a cikin WeChat, manhajar sada zumunta ta ƙasar.

Likitoci suna taka rawar da ta kamata?

Ba sosai ba tukuna. A 2010 kusan kashi 40 cikin ɗari na maza ma'aikatan lafiya mashaya ne da kansu, kuma ko da yake adadin ya ragu, likitan da ke da kwali a aljihun rigarsa ba ya jin daɗin yi wa majiyyaci wa'azi. A 2018 ƙasa da rabin mashayan da suka ga likita ne suka ce an shawarce su da su daina, alhali an tabbatar da cewa shawarar minti biyu ko uku daga bakin likita tana ƙara yiwuwar dainawa.

Sigarin lantarki yana taimakawa, tunda a can aka ƙirƙiro shi?

Wani masanin haɗa magunguna mai suna Hon Lik ne ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a 2003, shi kansa mashayi ne, kuma sankarar huhu ce ta yi ajalin mahaifinsa. Birnin Shenzhen ne yake ƙera mafi yawan na'urorin da ake sayarwa a duniya, amma masu amfani da su a cikin gida ba su da yawa, kuma akasarinsu matasan birni ne. An hana sayar da su ta intanet a 2019, an sa su ƙarƙashin hukumar taba a 2021, kuma daga Oktoban 2022 an hana duk wani ɗanɗano in ban da na taba a kasuwar cikin gida. Hukumomin lafiyar ƙasar ba sa ba da shawarar amfani da su a matsayin hanyar dainawa, kuma da yawa daga masu amfani da su suna haɗawa ne da sigari na yau da kullum.

Wanda ya shekara ashirin ko talatin yana sha, dainawa za ta amfane shi?

Za ta amfane shi ƙwarai. Binciken Lancet na 2015 ya nuna cewa Sinawan da suka daina bisa raɗin kansu, kafin wata babbar cuta ta kama su, bayan kimanin shekara 10 haɗarin mutuwarsu ya dawo kusan daidai da na waɗanda ba su taɓa sha ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa wanda ya daina yana ɗan shekara 30 yakan ƙara kusan shekara 10 a tsawon rayuwar da ake sa ran zai yi, mai shekara 40 ya ƙara 9, mai 50 ya ƙara 6, mai 60 ya ƙara 3. Haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi bayan shekara guda. Wahalar dainawa, wato ƙunci da saurin fushi da rashin barci da yawan jin yunwa, ta fi tsanani a makon farko, kuma takan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, ko da yake sha'awar takan riƙa dawowa jefi-jefi har tsawon watanni.

Ɗan kasuwa ko ɗalibin da ya je Guangzhou ko Yiwu aka miƙo masa sigari, yaya zai yi?

Ya fahimci cewa karramawa ake nufi, ba neman lalata shi ba. Ya isa ya yi murmushi, ya ɗaga hannu cikin ladabi, ya yi godiya ya ce ba ya sha. Sinawa sun fi karɓar uzurin wanda bai taɓa sha ba fiye da na wanda suka san yana sha, kuma ambaton addini ko umarnin likita yana rufe maganar ba tare da an ji haushi ba. Idan mai masaukin ya nace, karɓar shayin da ya zuba tana cike gurbin. Wanda yake sha kuwa ya lura da birnin da yake ciki, domin abin da aka ƙyale a wani ƙaramin gari yana iya jawo masa tara a Shenzhen ko Shanghai.

Ƙasar za ta cim ma burin da ta sa wa kanta na 2030?

Shirin lafiya na ƙasa da aka fitar a 2016 ya sa burin sauko da adadin mashaya zuwa kashi 20 cikin ɗari nan da 2030. Alƙaluman hukuma sun nuna kashi 24.1 a 2022 da kashi 23.2 a 2024, wato saurin raguwar ya ƙaru a kan na shekarun 2010, amma sauran tafiyar tana buƙatar miliyoyin magidanta su ajiye kara, ba hana yara farawa kawai ba. Hana yara farawa zai rage mace-macen rabi na biyu na wannan ƙarni ne, su kuwa waɗanda za su mutu tsakanin yanzu da 2050 akasarinsu sun riga sun zama mashaya.

Hong Kong ta nuna cewa al'adar miƙa kara ba ƙaddara ba ce ga Sinawa. A 1982 kimanin kashi 23 cikin ɗari na manyanta suna sha kullum, a 2023 adadin ya sauko zuwa kashi 9.1, bayan haraji mai nauyi da aka riƙa ƙarawa, da hana sha a cikin gine-ginen jama'a tun 2007, da hotunan gargaɗi da suka rufe kashi 85 cikin ɗari na kwali, da kuma asibitocin dainawa na kyauta. Bambancin da ke tsakaninta da babban yankin shi ne gwamnatin Hong Kong tana karɓar haraji daga sigari amma ba ita ke ƙera shi ba, kuma ba ta da lardi irin Yunnan da miliyoyin mutanensa ke cin abinci daga ganyen.